Motar Ƙarshen Layi

A tashar Babura Bahijja ta fara ganin Nuruddeen, ran da ta kai wa mahaifinta abinci. Yana goge gilashin bas ɗinsa ya ɗago, ita kuwa saura kaɗan kwano ya suɓuce mata. Ba a jima ba ya soma zuwa zance.

Sai kuma ya ɗauke ƙafa. Kullum da la'asar saƙo ɗaya: "Hasken idona, yi haƙuri, an tura ni shata Gwiwa." Gobe Roni, jibi Kazaure.

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta rubuta masa: "In ka gaji da ni ka faɗa, ba sai ka laɓe bayan shata ba. Kada ka ƙara kirana."

Ashe aikin mahaifinta ne. Malam Hussaini shi ne shugaban tashar, ya kuma rantse ba zai ba direba 'yarsa ba. A ƙa'idarsu, motar da ta dawo ƙarshen layi take shiga, lodi daga gaba ake yi, amma mai son shata daga ƙarshe ake cire masa mota. To, da Nuruddeen ya shigo, sai tsohon ya nemo shata ya tsame shi. Yayarta Nafisat ce ta tsegunta mata.

Bahijja ta yi ta tafasa, tana jin haushin uban, tana jin haushin kanta. Washegari ta dakata har bas ɗin Nuruddeen ya shiga ƙarshen layi, sannan ta durƙusa gaban mahaifinta, direbobi na kallo.

"Baba, shata muke so zuwa Roni, wajen Gwaggo Adda."

Malam Hussaini ya haɗe rai kamar zai fashe. Amma shi ya kafa dokar, har korar direbobi ya yi a kan dokar. Hannu kawai ya ɗaga, ita da Nafisat suka shige.

A hanya ta ba Nuruddeen haƙuri. Ya ce shi ma ya ji zafi, amma gara ta zarge shi da ya haɗa ta da mahaifinta.

Da Gwaggo suka dawo. Ta wanke ƙanin nata, Malam Hussaini, tas, ta tambaye shi ko ya manta tuƙi yake yi aka ba shi uwar yarinyar.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Malam Hussaini ya damƙi hannun ango, idonsa jajur.

"Na san wuyar da uwarta ta sha a hannuna. Kada ka yi mata irin nawa. Allah ya yi muku albarka."