Gahawar Da Ta Huce A Gidan Abu Firas

"Ki gaya masa yau, ko ni in gaya masa!"

Rahaf ta janye wayar daga kunnenta. Tana tsaye gaban madubi cikin doguwar riga mai ɗinkin jan zare, ido ɗaya da kwalli, ɗaya babu.

"Lujain, don girman Allah... Yau fa dattawa za su zo neman aurena."

"Na sani mana! Ai ɗan baffana suke nema wa. Muhannad ɗin da tun muna yara ake cewa nawa ne, kika zo da fuskar salihai kika ɗauke."

"Ban ɗauke miki kowa ba."

"To ki ɗauke shi da gaskiya. Ina zaune a bayanki ranar taron nan na ofis, da kunnena na ji abin da kika ce. Ko kin manta, Injiniya?"

Ƙit! Ta kashe wayar.

Rahaf ba ta manta ba. Ina ma za ta iya.

Jami'ar garinmu da a bayan gari take, tsakiyar gonakin alkama. Yau ta haɗiye rabin garin, kuma ba ta ƙoshi ba. Da aka gina sashen likitanci sai aka ce dole a fasa sabuwar ƙofa, ko ta Titin Inabi ko ta Titin Lemo. Lokacin Rahaf sabuwar injiniya ce a ofishin tsara hanyoyi, ita aka tura ta auno duka biyun. Ta auna, ta ga Titin Inabi ya fi faɗi, shi ya fi dacewa. Amma a Titin Inabi gidansu yake, da rumfar inabin da mahaifinta ke zama a ƙarƙashinta kullum da yamma. Da shugaban taron ya tambaye ta, sai ta ji bakinta ya ce, "Titin Lemo."

Shi ke nan fa, Titin Lemo ya shiga uku. Motocin ɗalibai suka haye har bakin ƙofofin mutane, bas-bas suka mayar da gaban masallaci tasha. Masu kuɗi suka rushe tsofaffin gidaje suka tayar da benaye na kwanan ɗalibai, kowanne da injin jan ruwa, ranar da aka sako ruwan mako su zuƙe shi tas kafin ya hau tankin talaka. Shara kuwa ba a magana.

Duk wannan da sauƙi. Ranar da Ummu Muhannad ta yanke jiki ta faɗi a kicin, daidai lokacin tashin ɗalibai ne. Motar asibiti ta maƙale a bakin titi tana ta kuka, ba gaba ba baya. A bayansa Muhannad ya goya mahaifiyarsa, yana ratsa motoci yana ihu. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu bai sake motsi ba.

Bayan nan ne ya zo ofishinsu, malamin makaranta mai sanyin hali, ya daki tebur har kofuna suka zube. Kowa ya sulale. Rahaf ce ta kawo masa ruwa. Ya sha, ya dube ta da jajayen idanu ya ce, "Ke kaɗai ce mai imani a ginin nan."

Daga wannan kalmar soyayyarsu ta fara, kuma ita ce ke hana Rahaf sukuni.

"Wai har yanzu ba ki gama ba?" Mahaifiyarta, Ummu Firas, ta turo ƙofa. "Subhanallahi! Kuka kike yi? Kin ɓata kwallin!"

"Yumma, zan gaya masa."

Ummu Firas ta mayar da ƙofa ta rufe da sauri.

"Ki gaya masa me? Cewa kin ceci gidan ubanki? Wannan laifi ne?"

"Uwarsa na kan keke, Yumma."

"Ke kika kayar da ita? Ciwo na Allah ne! Ki rufa mana asiri, habibti. An sayo kunafa da sauran kayan zaƙi, an gayyato dangi har daga ƙauye. Bayan biki, in kin haihu, sai ki faɗa. Lokacin ba inda za shi."

"Shi ya sa nake son ya ji yanzu, tun yana da inda za shi."

Ban san wane mai hikimar ne ya tsayar da ranar ba, amma ta faɗo daidai da bikin yaye ɗalibai. Tun azahar gari ya cushe, samari sun fito rabin jiki ta tagogin motoci suna kaɗa huluna, hon kamar za a tashi duniya. Dattawan da suka taso daga Titin Lemo cikin jerin motoci sai da suka sauka suka tako da ƙafa. Suka iso gidan Abu Firas, mahaifin Rahaf, bayan la'asar, manyan alkyabbu sun sha ƙura, jagoransu tsoho Abu Nayif yana haki yana tsine wa wanda ya fasa ƙofar nan.

Ta bayan labule Rahaf ta ji shi sarai.

Aka zauna, aka zuba wa Abu Nayif gahawa. Ya karɓa ya ajiye a gabansa bai kurɓa ba, kamar yadda aka saba. Ba zai sha ba sai uban yarinya ya ce an ba su abin da suka zo nema. Ya gyara murya ya fara yabon gidan da asalin gidan.

Rahaf ta aika aka kira mata mahaifinta zuwa baranda.

"Yaba, kar ka ce su sha tukuna."

"Me kika ce?"

"Ka ba ni ɗan lokaci. Ka ja su da hira."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Gahawar dattawa ta huce a gidana? Da wane ido zan kalli mutane?"

Ta kama hannunsa ta sumbata, hawaye na ɗiga a kai.

"Saboda rumfarka na yi abin da na yi, Yaba. Ban taɓa roƙonka komai a kai ba. Yau ina roƙo."

Abu Firas ya daɗe yana kallonta. Sannan ya koma ciki.

Ta sake aikawa aka kira Muhannad, ya same ta a ƙofar baya, yana murmushi, ya sha sabuwar kwat.

"Ya rayuwata, me ya faru? Ba ki iya haƙura ki gan ni anjima ba?"

"Muhannad... ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ce a fasa ƙofar ta titinku. An tura ni na auna, na ga namu ya fi faɗi, na ce naku. Don kar a taɓa gidanmu."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya zame.

"Wasa kike."

"Wallahi da ma wasa ne."

"Ranar da kika ba ni ruwa... kin sani?"

"Na sani."

"Duk ranakun da nake zama ina zagin wanda ya yi, kina gyaɗa kai?"

"Na sani, habibi. Tsoro nake kar in rasa ka."

"Kar ki kira ni haka yanzu!"

Ya juya mata baya, ya dafa bango. Tana ganin kafaɗunsa na hawa da sauka. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ni da ƙafafuna nake tafiya. Ba ni za ki gaya wa ba. Wuce mu je."

Haka suka ratsa gari, shi a gaba ita a baya, amarya da kwalliyarta tana matsawa tsakanin motoci. Wasu ɗalibai suka yi mata guɗa, sun ɗauka murna ce. Duk taku ɗaya sai ta tuna ta nan ya bi da uwarsa a goye.

Ummu Muhannad na kan kekenta a bakin taga, inda take yini. Lujain na gefenta tana ɓare mata lemo, ganin su ya sa wuƙar ta suɓuce mata.

Rahaf ta durƙusa gaban keken. Ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta kare kanta ba.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, da bakinta da ya ɗan karkace, "Na sani tun lokacin sanyi."

Muhannad ya zabura. "Yumma!"

"Wannan ta gaya mini," ta nuna Lujain da haɓa. "Ta ɗauka zan hana auren. Na ce ta yi shiru, in ta gaya maka ban yafe ba. Ashe ba ta haƙura ba."

Lujain ta sunkuyar da kai, ta ɗauki jakarta ta fice.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Don ba maganarka ba ce, tata ce. Jira nake in ga yadda za ta shigo gidana, da abin a bakinta ko a cikinta. Da ta shigo da shi a ciki, da har in mutu ba za ta ji na kira ta 'yata ba."

"Ki yafe mini, Khalti, innata..." Rahaf ta fashe da kuka.

"A'a, kar ki yi saurin nan. Ni ba waliyyiya ba ce. Akwai safiyar da nake tashi in so in tsefe kaina in kasa, ranar ba na yafe wa kowa." Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kamo haɓar Rahaf. "Na ji kun nemi gida can bayan gari, wurin iska da shiru. Ba za ku je ba. Nan za ki zauna, a ɗakin sama mai kallon ƙofar. Hon ɗin da ke tashina shi zai tashe ki. Ranar ruwa ki hau ki leƙa tanki ki ga babu. Kullum da safe ke za ki tsallaka da ni wurin gashin ƙashi, daga nan ki wuce ofishinku ki dame su har su gyara. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Kai fa?"

Muhannad ya share fuska da hannun sabuwar kwat ɗinsa.

"Ina sonta, Yumma. Kuma ina jin haushinta. Na rasa yadda zan raba su."

"Kar ka raba. Haka na zauna da ubanka, Allah Ya ji ƙansa. Ku tashi, kun bar tsofaffi da yunwa."

Ana gab da magariba suka koma. Abu Firas ya ƙarar da duk labaran da ya sani, har na kakansa da raƙuminsa, gumi ya jiƙa masa wuya. Muhannad ya shiga ya zauna, ya dube shi ya gyaɗa kai.

"Ku sha gahawarku," in ji Abu Firas, yana yafuto ɗansa. "Abin da kuka zo nema naku ne. Kai Firas, zubar da wannan, kawo mai zafi!"

Abu Nayif ya dafe kofin da tafinsa.

"Bar ta. Ban san abin da ya hana ta shiga da zafinta ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma wadda aka jira ita ake sha."

Ya shanye ta da sanyinta, ya ɓata fuska, mata suka ɗauki guɗa daga ciki.

An yi biki da kaka. Ofis sun matsar da tashar bas daga gaban masallaci bayan Rahaf ta hana su sakat, amma fitilar tsallaka titi har yanzu ana cewa tana hanya, ruwa kuma wani makon ya hau, wani makon ya ƙi. Muhannad ya koma kiranta rayuwata, sai dai duk ranar da motar asibiti ta yi kuka a bakin titi, shiru yake yi har ta wuce, ita kuma ba ta iya haɗa ido da shi.

In kin bi ta Titin Lemo da safe za ki gan su a bakin kwalta, tsohuwa a keke, matashiya a bayanta tana ɗaga wa bas hannu a tsorace.

"Ɗaga sosai mana, 'yata," za ki ji tsohuwar na cewa. "Ai titinki ne."