Tsakanin Toka Biyu

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwajin duwatsu, Auta ta ɗauka ɗan aike ne. Takalmansa duk jar ƙasa, ga guduma rataye a ƙugu, ya rungumo akwati kamar mai ɗauke da jariri.

"Malam, ba a shigo mana da ƙura nan," ta ce, idonta na kan na'urar da take leƙa ƙwayoyin dutse.

Ya tuɓe takalman a bakin ƙofa, ya buɗe akwatin. Muƙamuƙin wata dabba ne da ya koma dutse, haƙoran a jere reras.

"A gindin wani tsauni na tono shi. Shekarunsa nake nema."

"Ƙashin da ya zama dutse ba ya faɗin shekarunsa. Me ka haɗo da shi?"

Ya yi murmushi, ya ajiye leda biyu. "Tokar aman wutar dutse da ke ƙarƙashinsa, da wadda ta rufe shi."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, ta kuma daɗe tana duban.

Aikin Auta ke nan. A cikin irin wannan toka akwai ƙwayoyi masu sheƙi, ƙanana kamar rairayi, masu ɗauke da wani sinadari, yuraniyom. Shi kuwa a hankali yake rikiɗewa ya zama dalma, ba ya gaggawa ba ya nawa. In ta auna yawan abin da ya rikiɗe, ta san shekarun tokar. Ƙashin kuma yana tsakani: tokar ƙasa ta girme shi, shi ya girmi ta sama.

'Yan ɗakin suka laƙaba masa Mai Guduma. Ba a jima ba saƙonninsa suka fara shigowa wayarta.

"Agogona, kin ci abinci kuwa, ko duwatsu sun riƙe ki?"

"Waye agogonka? In sakamako kake nema, bai fito ba."

"Ke nake nema."

Tana murmushi da wayar a hannu shugaban ɗakin ya tsaya a kanta. Oga suke ce masa. Ya taɓa neman aurenta, ta ba shi haƙuri.

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce ƙasa-ƙasa. "In ƙashin nan ya kai shekara miliyan goma, sunan yaron nan zai zaga duniya. Zuma yake zuba miki a kunne don ki ƙara masa shekaru."

Maganar ta zauna mata a ƙirji. Daga ranar, duk kalmar da Mai Guduma ya faɗa sai ta juya ta, ta leƙa ƙarƙashinta.

A gida ma ba sauƙi. Da maganarsa ta taso, Baba ya ajiye tabarau ya ce, "Mutum ya rasa sana'a sai tonon ƙasusuwa? Na waye? Me yake yi da su?"

"Baba, ai gara mai tonon ƙashi da mai tonon asiri," in ji Yaya, wan Auta.

Baba bai yi dariya ba. "Ban yarda da shi ba. Kada ya ƙara taka min ƙofa."

Ana cikin haka sakamako ya fito. Ta auna, ta sake aunawa. Sannan ta rubuta masa:

"Tokar ƙasa shekara miliyan bakwai, ta sama shida. Ƙashinka yana tsakani. Bai kai goma ba."

Amsar ta zo gajeriya: "Na gani."

Shi ke nan, ɗif. Ta kira, waya a kashe. Mako ya wuce, wani ya bi. Oga ya riƙa wucewa ta gaban teburinta yana girgiza kai. Umma kuwa ta ga 'yarta na ramewa, ta ce, "Auta, in don Allah ya zo, zai dawo."

Wata safiya sai ga shi, ya yi duhu, leɓɓansa a bushe, ba murmushi.

"Ogan naki ya same ni," ya ce. "Ya ce da gangan kika rage shekarun, wai kun shirya da shi, ba ya son wani ya sha gabansa."

Ta miƙe tsaye. "Kai kuma ka yarda?"

"Na yarda. Na koma tsaunin, inda waya ba ta kamawa, na ɗebo sabuwar toka, na kai wani ɗakin gwajin da ba su san ki ba." Ya sunkuyar da kai. "Bakwai da shida suka ce. Na zo ba ki haƙuri ne."

"Ni kuma ce min ya yi don shekarun kake sona."

"To, shekarun sun tafi. Ga ni."

Hawaye ya cika mata ido, amma ta juya masa baya. "Fita. Aiki nake."

Da ya fita, ta shiga ofishin Oga ba sallama. "Ranka ya daɗe, baki ɗaya Allah Ya ba ka, ka raba shi biyu?" Oga ya hau gyaran takardun da ba su hargitse ba.

Sai da la'asar ta tura wa Mai Guduma saƙo:

"Ni ma na zarge ka, mun yi kunnen doki. Amma ka sake kashe min waya, ka gani."

"Na tuba, hasken idona. Saura Baba."

Shi ya roƙi Yaya ya kawo Baba tsaunin. Baba ya zo yana dogara sanda, yana waige-waige.

"Ina kaburburan?"

"Babu ko ɗaya, Baba." Ya nuna masa bangon dutsen, shimfiɗa kan shimfiɗa, ja da fara da toka-toka. "Na ƙasa ya riga na sama kwanciya. Dabbar nan ta mutu tun babu mutum ko ɗaya a doron ƙasa."

Baba ya shafa tokar da yatsa, ya shinshina. "An ce 'yata ta hana ka suna."

"Gaskiya ta faɗa, Baba. Abin da ta auna shi na rubuta a rahoton, da sunanta kusa da nawa."

Baba ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi. "Har yanzu sana'ar nan ba ta kwanta min ba," ya ce. "Amma ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin auren falon ya cika har bakin ƙofa. Umma tana kuka tana dariya, Yaya yana tsokanar ango wai yau ce rana ta farko da ya gan shi fes. Baba ya kama hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Duk wanda ya kawo muku maganar juna, ku tambayi juna kafin ku yi fushi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin ya ɗauka da amin. Auta ta matse yatsun angonta a ƙarƙashin mayafi, shi ma ya matse nata.