Tashar Kaka Idrisa

"Agadas fa, Munkaila? Agadas!"

"To ya zan yi, Tanna? Ni na rubuta takardar? An yi mini afektasiyo, an mayar da ni koyarwa can, lakwal kuma wata mai kamawa za a buɗe."

A zauren gidanmu muke, ranar kasuwar Matameye, hayaniyar motoci na shigowa har ciki. Saura sati biyar a ɗaura mana aure.

"Kaka fa? Wa zai dafa masa? Wa zai sa masa maganin ido? Tun ina goye iyayena suka rasu, shi ya raine ni..."

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Ba inda za ni in bar shi! In haka ne a fasa!"

Ina faɗa na ji zuciyata kamar an tsaga ta. Munkaila ya dube ni, idonsa ya kaɗa, ya sa takalminsa ya fita.

Ashe Kaka Idrisa na kishingiɗe a bayan zana, duk ya ji.

Aka kwana biyu. Rana ta uku ya aika aka kira Munkaila, wanda yake ce wa Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Mushe, ka samo mana taksi. Akwai inda nake son gani kafin idon nan ya ida rufewa."

Muka bi ta Ɗan Barto, muka ƙetare iyaka, muka yi ta tafiya har azahar. Ni da Munkaila ko kallon juna ba mu yi ba.

Inda ya kai mu wata ƴar tashar jirgin ƙasa ce, a kan reshen da ya ɓalle daga babban layi. An daɗe da rufe ta. Rufin kwanon ya yaye, awaki sun kwanta a ɗakin sayar da tikiti, gero ya fito har tsakanin ƙarafan dogo.

Kaka ya dafa bango yana shafawa.

"Ina ɗan shekara sha tara na zo nan dakon gyaɗa. Buhu kan buhu, har ya fi ginin nan tsawo. Sau biyu a sati jirgi ke zuwa. In ya yi kuka, duk ƙauyukan nan sai sun fito."

Ya nuna wata tsohuwar tsamiya.

"Can kakarki Sadiyya ke zama da ƙwaryar furarta. Kullum sai na saya, ko na ƙoshi."

Na yi murmushi ban shirya ba.

"Daga baya gyaɗa ta ja baya. Jirgi ya koma sau ɗaya a wata, rannan sai aka zo aka sa wa ƙofar nan kwaɗo. Aiki ya ƙare. Na ce mata mu yi aure mu tafi Matameye. Ta ce uwarta ba ta iya tafiya, ba za ta bar ta ba."

Na ji Munkaila ya ɗago kai.

"Sai me kuka yi, Kaka?"

"Fushi na yi, ɗan nan, irin naka. Na tafi ni kaɗai. Wata huɗu tuwo bai yi mini daɗi ba. Da aka yi girbi sai na aro amalanke, na dawo na ɗauke su su biyu. Tsohuwar ta yi shekara tara a gidana, a hannuna ta cika."

Hawaye suka zubo mini. Munkaila ya durƙusa a gabansa.

"Kaka, wallahi na yi tunanin haka... kunya ce ta hana ni. Na ga kamar ba za ku yarda ku bar gidanku ba."

"Ka tambaye ni?"

"A'a."

"Ke fa, sarkin kuka, kin tambaye ni?"

Na girgiza kai.

"To kun gani! Kuna ta yanke mini hukunci ina raye." Ya miƙa hannu muka ɗaga shi. "Ka ƙwace mini mata, Mushe, na haƙura. Amma ban sake ta ba, duk inda ta sa ƙafa ina biye."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Munkaila ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Har yanzu a fasa, Tanna?"

Na rufe fuska da mayafi.

An ɗaura aure ranar da aka sa. Bayan sati biyu muka hau motar Agadas mu uku. Kaka ya ƙi zama ko'ina sai gaba, kusa da direba, wai tun da shi ne uban tafiya, shi zai fara ganin garin.