Mayafin Tsohuwar Kwamfuta

Da hantsi aka kira Sufeton 'yan sanda zuwa wani ƙaramin asibiti, an sace kwamfuta a ɗakin fayil. Sababbi uku na jere ba a taɓa su ba, tsohuwar ce ta yi ɓatan dabo. A gurbinta an bar mayafin da ake lulluɓe ta da shi, a ninke gida huɗu.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Sufeto. Ba wanda ya yi dariya.

Likita ya bayyana masa cewa bayanan marasa lafiya na shekara goma sha biyu suna cikin manhajar wani kamfani da ke kan tsohuwar kwamfutar, kuma ita kaɗai ke iya karanta su. Kamfanin ya daina yin ta, sabuwar da ya kawo ba ta buɗe tsofaffin fayiloli. Suna da kwafi, amma in an buɗe sai tarkacen alamomi.

A baranda wani dattijo na zaune, jakar mata a cinyarsa. Matarsa ta rasu bayan allurar da Likita ya rubuta, kotu kuma ta umarci a kawo tsohon fayil ɗinta gobe. Kullum yana zuwa. Sufeto ya kasa haɗa ido da shi.

Maigadi ya rantse bai bar ƙofa ba ranar Lahadin da aka yi satar. Da aka matsa, ya ce ya ɗan zaga cin abincin rana.

Mai gyaran kwamfuta ya ce manhajar ba ta tashi sai da wani ɗan makulli da ake soka wa kwamfutar, wanda ake ɓoyewa a gwangwanin alawa. Gwangwanin wayam.

"Baba, wa ya san maɓoyarsa?" Sufeto ya tambayi sakatariya, dattijuwar da ta tsufa a ɗakin.

"Ranka ya daɗe, na manta ma da shi."

Tana magana, yatsunta na ninke hankici gida huɗu.

A gidanta suka tarar da kwamfutar a kunne, fayil ɗin marigayiyar a buɗe. Ba ta yi musu ba. Ta ce matar ta taɓa gaya mata wannan allura ba ta karɓe ta ba, ta kuwa rubuta. Da aka koma sabuwar manhaja, irin wannan bayani bai bi ba, aka sa ta kwafe su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ta tsallake na marigayiyar. Likita bai ga gargaɗin komai ba.

"Rijiya na nufa da kwamfutar," in ji ta. "Sai na ce bari in duba sau ɗaya. Tun ranar take kallona, na kasa kashewa. Allah Ya gani, Likita ba shi da laifi."

Sufeto ya ɗauki hoton allon kafin a zare waya. A barandar asibiti dattijon ya karanta layin a hoton sau biyu, leɓɓansa na motsi.

"Ashe ta faɗa," ya ce.

Aka wuce da sakatariya mota, kanta a sunkuye.