Wa Ya Shaƙe Lemon Inna?

Da safe Baba ya tarar da ganyen lemo zube a tsakar gida. Matarsa, marigayiya Inna, ce ta dasa bishiyar, don haka bai yi wata-wata ba ya kira 'yarsa, sajan 'yan sanda, ya ce ta zo ta kama Tela, maƙwabcinsa kuma amininsa tun ƙuruciya. Sun yi cacar baki kan reshen da ya tsallaka katanga, to ga shi, in ji Baba, Tela ya zuba wa bishiyar guba.

Sajan ta fara duba ƙasa. Ciyawar gindin bishiyar kore shar, tururuwa na ta harkarsu, guba kuwa ba ta zaɓe. Tela ya ce shi da gwiwa ta hana shi hawa dakali, ina shi ina katanga. Matar yayan Sajan ta rantse ruwan wankinta bai taɓa bi ta wurin ba.

Sai Sajan ta lura ganyen sama lafiya lau, ɓarnar ta tsaya iyakar inda hannu ke kaiwa. Ta shafa ganye ɗaya, ta ji santsi. Ta shinshina, ta gane ƙamshin.

Ta kira ƙanwarta malamar kimiyya a waya. Ƙanwar ta ce mata a bayan kowane ganye akwai ƙananan bakuna. Idan rana ta fito, wani sinadari da ake kira enzayim ke sa leɓunansu su sha ruwa su kumbura, baki ya buɗe, bishiya ta shaƙi iska. In maiƙo ya liƙe su, aikin banza sinadarin yake yi.

Sajan ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ina man shafawar Inna?"

Baba ya dubi bishiyar.

"Ganyen ne na ga ya bushe kamar hannunta a asibiti. Ni nake shafa mata."

"Kullum?"

"Kullum. Ciki da baya."

Tausayinsa ya kusa sa ta kuka. A hankali ta bayyana masa: babu guba, babu abokin gaba, man ne ya toshe wa bishiyar numfashi.

Baba ya share ido, ya je jikin katanga ya kira Tela da sunan tsokanar da ya daɗe bai kira shi da shi ba. Tela ya shigo yana ɗingishi, da roba da soso. Tsofaffin biyu suka shiga wanke ganye ɗaya bayan ɗaya.

"Za ta rayu?" in ji Baba.

"Na sama suna numfashi, Baba. Hannunka bai kai can ba."