Mai Azumi a Wurin Dara

A wani zamani, a wani gari, akwai 'yan dara da ke zama gindin cediya. Bakinsu kuwa, Allah Ya kiyaye! In ba ihu ba, gori.

Ran nan wani baƙon malami, wanda bai san kowa a garin ba, ya zo ya tsaya, tasbaha a hannu. Nan take kowa ya yi tsit, wai wa'azi ya zo.

Sai ya ce, "Ku koya mini mana."

Wani tsoho mai faɗan tsiya ya matsa masa, ya nuna masa yadda ake jera 'ya'ya uku. Malam ya tura, ya tura, sai ga uku sun jeru!

Wuri ya kaure. "Ci, Malam! Ci!"

Malam ya janye hannu, ya ce, "Subhanallahi, ai azumi nake!"

Dariya har da masu birgima. Malam ya ji kunya, ya lalubi takalmansa zai tafi.

Tsoho ya daka tsawa. "Kai, ku rufe mana baki, sakarkaru! Ci a dara, Malam, ɗauke ɗan abokin wasa ne. Amma zauna, ga ɗan nawa na ajiye maka, sai an sha ruwa."

Da aka kira magariba suka bi shi salla, suka dawo. Malam ya gyara zama, ya yi bismilla, ya cinye 'ya'yan tsoho kakaf.

Tsoho ya ce, "Gobe ma, don Allah, ka yi azumi!"