Gari a Cikin Akwati

Ni na fara ganin abin nan, tun ɗan sanda bai ɗaura takalminsa ba. Ban yi boko ba, amma na ga fari, na ga ambaliya, ga ni da raina.

Daktora Hanaa malamar jami'a ce, tarihin zane take koyarwa. Kafin ruwan hazzan, wato dam ɗin Rusairis, ya cinye tsohon garinmu, ta bi ɗaki-ɗaki ta ɗauki hotunan adon bangon da matanmu suka yi, ta adana su a wani ɗan baƙin akwati da ake jonawa da kwamfuta. Ranar Alhamis ta haska mana su da majigi a sabon garin da aka mayar da mu. Ranar Juma'a akwatin ya ɓace.

"Ba ni da wani kwafi, Janabu," ta ce wa Sufeto Izzuddeen, don haka ake kiran manyan 'yan sanda a nan. "Garin kuma yana ƙarƙashin ruwa. Me zan nuna wa ɗalibai?"

Sufeto ya duba masaukinta. Kyamara na nan, waya na nan. A ƙasa, sawun ƙafa ba takalmi.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji shi.

Ya kira direbanta, Kamal.

"Ina masallaci, wallahi."

"Me liman ya faɗa a huɗuba?"

Kamal ya sosa ƙeya. "To, ina wajen mai jabana, ina shan gahawa. Amma na ga Baba Sodangi ya fito daga shagon yadi."

Mai shago ya ce farin yadi tsohon ya saya, kamu ɗaya. "Na ce wa ya rasu? Ya biya ya fice."

Hadari ya haɗu a gabas. Sufeto ya iske Sodangi a sabuwar maƙabarta, tsugune gaban wani ɗan tudu.

"Me ka binne, ya Hajj?"

"Ba komai. Ziyara na zo."

"Ba a taɓa sa kowa a nan ba. Wa ka zo ziyarta?"

Sodangi ya shafa ƙasar tudun.

"Mairo. Matata. Ta fito a majigi tana shafe ɗakinmu, hannunta duk farar ƙasa, yara na ta tafi. Na tambayi Daktora, ta ce tana cikin akwatin. Kabarinta ruwa ya ci, Janabu. Ina zan tsaya in yi mata addu'a?"

Sufeto ya naɗe hannun riga ya tone da kansa. Yana ɗaga akwatin, naɗe cikin farin yadi, yayyafi ya fara.

Daktora ta jona akwatin da kwamfuta a cikin mota. Bangayen suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Ana shigar da Sodangi motar 'yan sanda, ya waiwayo.

"Tana ciki har yanzu, 'yata?"

"Tana ciki, Baba."

Ni tun ranar majigi na ga fuskarsa na san za a yi haka. Ramin yana nan, ni na hana a cike shi. Mai musu ya zo ya sa hannunsa.